Rabin Ƙwaya

Tun kafin in buɗe ƙofar likita
bencin siminti ya cika:
mata da goyo, tsoho da tari a ƙirji,
ni kuma da rajista mai layi talatin
da abin awo guda ɗaya,
robarsa ta tsage, na ɗaure da zaren buhu.

Ya Kellu daga Gure ta zo, damina huɗu ke nan,
tana kasa manda da kanwa a kasuwar Dole.
Hausarta ta ciniki ce:
nawa, albarka, ƙara dala biyar.
Abin da ke daka a ƙeyarta da asuba
ba shi da suna a bakinta da zan gane,
sai ta ɗora tafi a wurin, ta runtse ido.

Jikanta Kyari, ɗan aji huɗu, shi ne tafinta.
Ta yi zance mai tsawon igiyar rijiya,
ya juyo ya ce, "Wai kanta."
Guga ya iso da ɗan kurɓi,
sauran ya zube a hanya.

Na naɗe damtse, na matsa, na saurara.
Sha tara bisa sha ɗaya.
Na rubuta a karne da Faransanci,
harshe na uku a ɗaki mai taku huɗu.
Na ce ta rage gishiri.
Da yaron ya isar, ta yi dariya har kallabi ya zame:
gishirin ne ke biyan haya.

Ƙwaya talatin, ɗaya kowace safiya,
in wata ya cika ki dawo.
Wata ya cika. Wani ya tsaya a kansa.
Layinta a rajista fari fes.

Ranar Laraba da la'asar na hau kabu-kabu zuwa Garin Malam,
muka ratsa jarkoki rawaya
da suka kwana layi gaban famfo bushe.
Na same ta bakin zaure da wuƙar yankan kuɓewa,
ta ɗora ƙwaya kan murfin kwano,
ta raba ta biyu, daidai wa daida.
Rabi ta haɗiye.
Rabi ta miƙa bayan labule.

Ba Mele ne a ciki.
Shi ma ƙeyarsa na daka,
amma ba zai zauna benci cikin mata ba,
kuma kuɗin karne na biyu ya tafi ga mai ruwa.
Kyari ya ce, wannan karon bai rage komai ba:
"Wai shekara arba'in kwano ɗaya suke ci."

Na durƙusa kan tabarma, na nemi damtsen tsoho.
Ashirin bisa sha biyu.
Zaren buhu ya riƙe.

Takardar ƙarshen wata tana da gida uku:
waɗanda suka zo,
waɗanda suka ɓace,
waɗanda suka rasu.
Na juya ta gaba da baya,
ban ga gidan masu raba ƙwaya ba.

Yanzu Laraba nakan rufe da wuri.
Kyari na koya mini kalma ɗaya duk zuwa,
ina furtawa, Ya Kellu na gyara mini da dariya.
Jiya na tambaye ta da kaina inda ke ciwo.
Ta daɗe tana magana.
Na gane kusan rabi.