Takardar Kwasa-kwasai

A allon sashen Tarihi, can Kalgo,
takarda ta rataye da ƙusa uku.
Aji ɗaya: Afirka tun fil azal, dole.
Larabci ko Faransanci, zaɓi naka.
Aji biyu: dabarun bincike
wurin Malam Ɗangaladima, mai rufe ƙofa ƙarfe takwas.

Aji uku aka ce: nemo tsoho, ka tambaye shi.
Na sauka Yawuri wurin Inna Tumba.
Ta ce garinsu na ƙarƙashin ruwan Kainji,
har da turmin uwarta.

Malam ya ce, ina shekara?
Na koma.
Ta ce, shekarar da kifi ya kwana a masallaci.

Haka na rubuta.
Baɗi zan maimaita kwas ɗin.