Rumfar Caji a Bakin Buriganga

Sha ɗayan dare kekunan ke dawowa,
fitilu sun dushe, ƙararrawa ta shaƙe.
Dhaka ta tsotse su tun asuba.
Ni, Tofazzal, ke tarbarsu a ƙofa,
ni da idona ɗaya.

Ɗayan a rumfar nan na bar shi,
shekara goma sha huɗu ke nan.
An ɗauke wuta, na ce bari in leƙa ruwan batir,
na ƙyasta ashana.
Ƙarar, labarinta aka ba ni.
Abin da na sani shi ne Anowara
tana kwarara mini ruwa a fuska, tulu bayan tulu,
tana zagina tana kuka
har ladan ya yi kiran farko.
Likita ya ce ruwan ne ya bar mini na dama.
Ita ta ce zagin ne.

Bana an kawo mini yaro daga Bhola,
Mofijul, kogi ya cinye gonar ubansa.
Jikinsa na rawa, yana son ya burge ni.
Cire zoben nan, na ce.
Na kakata ne, ya ce.
Kakarka ba ta san ja da baƙi ba, yaro.
Ya haɗa kawunan nan biyu,
da shi da yatsan za a yi jana'iza.

Buɗe tagogi, har wadda ke kallon bola.
Yanzu kasa kunne.
Ka ji suna ɓararraka ƙasa-ƙasa
kamar shinkafa ta kusa tsotsewa?
Numfashi suke yi.
Iska ce marar launi, hanci ba ya kama ta,
takan taru ƙarƙashin kwano ta yi lamo
tana jiran mai sigari.

Kashe na'ura tukuna, sannan ka taɓa bakin kada.
Tartsatsi ba ya sallama.
Ga tabarau, ga safar roba; munin ba ya kisa.
In ƙishi ya kama su, tataccen ruwa kawai,
ban da na famfo, balle na kogin nan
da ko kifi ya yi masa hijira.
Ranar da za ka haɗa sabo,
gubar ake kai wa ruwa, a hankali,
ba a kai ruwa gidan guba.

Damina ta zo, ruwa ya hau har ƙwauri.
Muka kwana muna ɗora su kan katako,
a tsaye, a rungume kamar jarirai masu nauyin tsiya.
Ɗaya ya karkace, ya yi masa tsartuwa a zane.
Muka barbaɗa soda, ta yi kumfa ta lafa.
Da safe zanen ya zama rariya,
yaron ya yi dariya, ni ban yi ba.

Wanda za ka ajiye, ƙosar da shi tukuna.
Batirin da ya kwanta da yunwa
ba kullum yake tashi ba.

Matattun kuwa, Jobbar na zuwa da gatari da kuɗi.
Ya fi kamfani biya, ban musa ba.
Amma na ga inda yake narka dalma da dare,
na ga 'ya'yan layin,
ana kiran sunansu sau uku kafin su waigo.
Na ce masa ya gaida gida.

Ƙarfe biyu Anowara ta aiko da shinkafa da miyar wake.
Yaro ya kai hannu.
Ban ce komai ba, ido kawai na ɗaga, ɗayan da ya rage.
Ya tashi ya nemi sabulu,
ya wanke har gwiwar hannu, har ƙarƙashin farce.

Zoben yana cikin gwangwanin shayi a kan taga.
Da asuba, bayan keken ƙarshe ya fita,
yakan ɗauko ya mayar a yatsa,
ya tafi ya kwanta.