Ƙofa Ɗaya, Suna Biyu

Ƙarfe biyu na dare a Sabon Gari,
wuta ta ɗauke, gurup ya karɓa da tari.
Ni da butar shayi da akwatuna tara
masu ƙifta koren ido cikin sanyin ɗaki.

Na saki ɗan aikena.
Ba shi da ƙafa, layi arba'in ne na rubuta,
amma kafin kumfa ta kwanta a kofi
ya zaga uwayen garke duka, gida gida,
kamar mai ƙidayar da ba ya shan ruwan kowa:
Ina ƙofarki? Mene ne adireshinki?
Tara ya tambaya, tara na gani a takarda.
Na ce madalla, a daidaita kowa bisa wannan.
Na tafi na kwanta.

Da hantsi sai wayar Fasuma daga Mirya:
"Tanko, rezo akwai,
amma rumbun magani ya ƙi amsa sallama.
Mata goma sha ɗaya gare ni a kan benci."

Na dawo na tsuguna gaban ta bakwai.
Ashe ƙofarta ɗaya, suna biyu take amsawa.
Na farko shi ne na rajista, kowa ya san shi.
Na biyun, marigayi Kiyari ya laƙaba mata da hannunsa
shekarar da ofis ya taso daga Birni,
don kada asibitocin ƙauye su ɓace hanya.
Bai rubuta a ko'ina ba.
Ko ya rubuta a bayan takardar ƙosai,
irin halinsa, Allah ya jiƙan rai.

Ɗan aikena bai yi ƙarya ba.
Ya ga na biyun, har ya ɗauko shi,
ya ajiye can ƙasa, a wani lungu na rahoto
ƙarƙashin kalmar da ban taɓa buɗewa ba.
Ni na karanta layin sama kaɗai.
Abin da ban ambata ba, ya share.
Biyayya ce zalla,
irin ta yaron da aka ce ya share tsakar gida
ya haɗa har da irin da aka shanya.

To ni ma fa?
Katina ya ce Abdurrazaƙ.
Je ka Garin Malam ka nemi Abdurrazaƙ,
yara za su dube ka su dubi juna.
Ce Tanko na gidan Gaptiya mai kuka,
a kai ka har zaure, a shimfiɗa maka tabarma.
Ran da mai ƙidaya ya goge Tanko
wa zai same ni cikin waɗanda suka goya ni?

Na mayar mata da sunan.
Wannan karon na rubuta shi inda ido ke faɗawa,
na sa a samansa: na Kiyari ne, mutanen Mirya ke bi ta nan.
Sannan na ƙara wa ɗan aike layi uku,
na koya masa abin da kowace tsohuwa ta sani:
in baƙo ya faɗi sunansa, kada ka tashi tukuna,
ce masa, a gida fa, da wanne ake kiran ka?

Waya ta yi ƙara.
"Ya amsa," in ji Fasuma, ta kashe,
ba ta da lokacin godiya.
Shayin jiya na nan a buta, ya yi baƙi.
Na sha shi haka.