Tafin Hannun Haladu

Sanƙarau ya sauka gidanmu a watan zafi,
ya kwana tara a Garin Malam.
Da zai tashi ya bar mana Nuri,
ya naɗe kunnensa ya tafi da shi.

Na gwada, Allah shaida ne.
Na saki tasa a bayansa, bai waiwaya ba.
Na ƙwala sunansa daga zaure
har maƙwabta suka leƙo, shi yana tara ƙasa.
Uwarsa ta sayar da tunkiya.
An sha rubutu, an ɗiga mai, an je likita,
aka miƙo takarda mai zane
kamar gangaren duwatsun Birni,
aka ce mana haƙuri.

Na ɗaure haƙurin a bayan babur,
ina kabu-kabu daga Kasuwar Dole zuwa tasha.
A gida, in ina son ya zo,
sai in jefe shi da tsakuwa.
Ɗan cikina. Tsakuwa, sai ka ce akuya.

Rannan babur ya mace mini a Zango,
Nuri na zaune bisa tanki.
Aka nuna wata rumfa: tura wa Haladu,
kurma ne, amma ba a komo masa da aiki.
Na ce a raina, inji da kuka yake faɗin ciwonsa,
wa zai kai wa wannan labari?

Bai ko dube ni ba.
Ya buga, ya ɗora tafin hannu kan inji,
ya lumshe ido kamar ungozoma a kan ciki.
Sai ya jawo hannun Nuri
ya aza inda nasa ya tashi.
Fuskar yaron ta buɗe.
Shekara huɗu rabona da wannan fuska.

Yaran shago uku, biyu masu ji,
gira ɗaya ya ɗaga duk suka miƙe.
Tsallaken hanya matarsa Barira na suyar awara,
suna musu kan kuɗin mai
ta saman amalanke da motar itace,
ba wanda ya tsaya, ba wanda ya ji,
ita ta ci, shi ya yi dariya.

Kafin a ɗaure buji ya raɗa wa Nuri suna:
ɗan yatsa a kan wushirya.
Ba rago, ba goro,
amma wannan suna daga nesa yake amsawa.

Na sa yaron shago ya tambayar mini:
mahaifinka fa, yaya ya yi da kai?
Haladu ya daɗe yana goge baƙin mai.
Mutumin kirki, in ji yatsunsa.
Ya ciyar da ni, ya yi mini aure.
Shekara talatin akushinmu ɗaya.
Ya rasu ban san abin da ke ba shi dariya ba.

Na biya jika ɗaya da rabi.
Sauran bashin ban san wa zan biya ba.

Yanzu bayan la'asar fasinja na wuce ni,
ina kan tsohuwar taya ina koyon maganar hannu.
Yatsuna sun ƙage da riƙon kan babur.
Na nufi in ce ruwa, na ce wani abu,
har yau sun ƙi gaya mini me na ce.
Uwarsa ta riga ni nisa,
har gulmata suke yi a gabana.

Jiya da aka ɗauke wuta
ya damƙa mini tocila, ya nuna: haska ni.
Ya ba da labari mai tsawo,
da ƙadangare a ciki, da malamin lakwal,
rabi na kama, rabi ya zube.
Amma ƙarshen na gane sarai:
zai buɗe rumfa ta fi ta Haladu,
ni kuma in biya kamar kowa.

Tsakuwa na nan ƙofar gida.
Ban ƙara sunkuya mata ba.