Mai Riƙe da Wata

Ni ba a ganina. Kujerata tana can baya,
inda wayoyi suka yi saƙar gizo a ƙasa.
Gabana allo ne mai maɓallai sittin da huɗu:
wannan hantsi, wancan almuru,
na arba'in da bakwai shi ne wata.
Mako uku ina gyaransa
kafin ya daina kama da faranti.

Labarin tsoho ne, na soyayya:
marini a Ƙofar Mata, hannu shuɗi har gwiwa,
ya bi ayarin goro zuwa Gwanja
don ya samo abin kaiwa gidan su Tabawa.
Damina bakwai tana leƙen karofi.
Ba a faɗin kalma a wasan nan, sai dai a rera,
ko gaisuwar safe sai goge ya raka ta.

Darakta Sa'adatu ta ce na da za a sa a jiki:
saƙi na gaske, ba atamfa mai kwaikwayonsa ba.
A Soron Ɗinki muka aro shi wurin wata tsohuwa
da ta ce in ya yage, mu manta hanyar unguwar.
Amma kogin da ayari zai haye,
na'ura ce ke zuba shi a bango,
hazon asuba kuwa daga akwati yake fita
yana ƙamshin alewa.

Baba Jatau mai goge ya ƙi makirufo.
Na maƙala masa a wuyan riga, ya cire.
Ya ce, "Yaro, shekara hamsin yana kuka,
ba a taɓa taya shi ba."
Na ɓoye a ƙarƙashin buzunsa.

Daren farko, zaure ya cika maƙil:
'yan Fagge, malaman jami'a,
masu shago a Kwari da matansu.
Lantana ta fito a Tabawa, lalle har idon sawu.
A kunnena ana raɗa:
"Talatin da tara. Sauke. A hankali."
Ina saukar da rana da ɗan yatsa
kamar mai sauke tulu daga kan yarinya.

Sai aka zo wurin.
Ayari ya dawo, babu shi.
Sun miƙa mata hularsa da goro guda.
Ta ɗaga kai za ta kai ƙara wurin wata,
yatsana na kan arba'in da bakwai,

aka ɗauke wuta.

Kogi ya ƙafe a bango.
Wani ya ja tsaki. Jariri ya tsandara.
A waje Ɗanliti na kokawa da janareta,
ja ɗaya, tari; ja biyu, tari.

Goge bai tsaya ba.
Yaushe Baba Jatau ya taɓa duban tsirkiya?
Lantana ta ja numfashi, ta bi shi.
Murya ba lasifika, ba takalmi,
ta tako layi-layi tsakanin kujeru
har ta iso ni a baya,
ni da ban taɓa jin ta ba sai ta waya.

Janareta ya tashi. Allona ya farka.
"Wata! Sagiru, ba mu wata!"
Baiti uku suka rage mata.
Ban danna ba.
Na bar ta a duhun da aka bar Tabawa,
na ɗora hannu a cinya
har goge ya ajiye kukansa na ƙarshe.

Sannan na ɗaga shi, kaɗan-kaɗan.
Ya sami fuskarta a jiƙe,
ya sami wani Alhaji a layin gaba
yana neman abin da bai faɗi ba a ƙasa.

Sa'adatu ba ta kula ni ba sai washegari.
Baba Jatau na naɗe buzu, ya kira ni,
ya saka min abu a tafin hannu:
"Ga ƙwaronka. Ya sha zama."

Na taka zuwa gida, ba a-daidaita.
Bisa ganuwa ga na Allah a rataye,
gefe guda a ɗan karkace,
har da kamar faranti.
Ba wanda ya ce a gyara.