Kafin Guduma Ta Sauka

Gidan Baffa na can Dadin Kowa,
inda iska ke tasowa daga kan dam
ta shigo da ƙarnin tarwaɗa ta taga.
Shekara arba'in laima na lasar bango,
tsatsa ta cinye kan ƙusa,
silin ɗakin tsakiya ya yi ciki kamar akuya mai wata huɗu.

Da aka raba gado ni ya faɗo wa.
Na sayar da bijimi, na sayo bandir uku na kwano,
na ce kafin ruwan fari sai na sauya masa hula.
Ran Talata na jingina tsani,
guduma a hannu, bisimilla a baki.

Sai tari ya riga sallama shigowa.
Kawu Hammayo ne, kafinta,
taku uku ya dafa bango ya huta.
"Sauko, Giɗaɗo.
Ni na ɗora rufin nan ina saurayi.
Da zarto muka yanka shi a gindin tsamiyar can,
gari na tashi fari fat,
mu koma gida kamar mun kwana a injin niƙa,
muna ta dariya.
Mu shida ne. Ƙirga wanda ya rage."

Na ce, Kawu, ai falle ne kawai na siminti.
Ya ce, "Maciji ma igiya ne in yana barci.
Sunansa asbesto.
Ka bar shi lafiya, ya bar ka.
Ka fasa shi, ya saki gashin da ido ba ya gani,
ya shiga ƙirji ya shimfiɗa tabarma,
ba ya tambayar bashinsa sai an shekara talatin."

Na sauko.
Tsanin ya fi tsawo a saukowa.

Ran Alhamis Injiniya Dijatu ta zo daga Gombe,
farar riga tun daga ka har dunduniya,
takunkumi mai hanci biyu.
Yaran unguwa suka ce dodo ya shiga gidan Baffa.
Ta kore su, ta ja ƙofa,
ta fesa ruwa a kusurwa guda,
ta ɓantari abin da bai kai farce ba,
ta sa a leda, ta sa ledar cikin wata leda,
ta rubuta sunan ɗakin a jiki.
Ta leƙa madafa, ta duba bututun tanki,
har tayil ɗin da Inna ta goge shekara da shekaru
sai da ta durƙusa ta yi masa kallon tuhuma.

Ta ce, "Kada a share, kada a huda, kada a kankare,
sai gwaji ya dawo."
Ladanta ya kusa kuɗin bandir guda.
Na biya, tsakin ya tsaya a maƙogwaro.

Ga abin da ban gaya mata ba:
muna yara, ɓallin silin ne allinmu.
Da shi na fara rubuta sunana a bayan ƙyaure,
na hure ƙurar da bakina.
Mukan jefa shi a murhu mu ruga,
mu toshe kunne muna jira ya ce tau!

Yau kwana tara.
Hadari ya soma haɗuwa ta gabas,
bandir na jingine, rana na wasa a kansa,
maƙwabta na cewa tsoro ya ci kuɗin bijimi.
Su faɗa.
Da dare ina kwance a tsakar gida
ina ƙirga numfashina kamar mai ƙirga canji,
tarin Kawu na tsallako katanga.

Ɗazu Nenne, 'yar autata,
ta sheƙo daga bayan ɗaki, hannu a dunƙule:
"Baba, na tsinci alli!"
Na jiƙa tsumma na karɓa,
na wanke mata yatsu ɗaya bayan ɗaya,
har sai da ta ce ruwan da sanyi.
Gobe kasuwa.
Zan sayo mata kwalin alli na gaske.