Farin Ƙyalle a Tsaunin Lima

Shekara goma sha tara, bankina gwangwanin madara ne.
Yana zaune bayan buhun dankali,
bai taɓa tambayata katin shaida ba.
Ina sayar da dafaffiyar masara a bakin tasha,
da yamma in hau matakala ɗari uku da sittin
in ba shi abin da gari ya rage mini.

Sai annoba ta zo, aka ce kowa ya ja ƙofarsa.
Makon farko gwangwani na magana da babbar murya,
na uku yana raɗa,
na biyar na girgiza shi, ya yi gum.
Adashenmu ya watse ana saura kwasar Nemesia.
Ban ga laifin kowa ba,
wa ke zubi da aljihu wayam?

Rediyo ta ce an turo tallafi.
Maƙwabcina Zenobio yana kishingiɗe
wayarsa ta yi ƙit, nasa sun shigo,
ko takalmi bai sa ba.
Mu marasa asusu aka ce mu gangara.

Ƙarfe ukun dare na kama layi,
raɓar teku ta jiƙa mini mayafi.
An zana da'ira da fenti a ƙasa, kowa da tasa,
amma yunwa ba ta san da'ira ba.
Dattijon da ke gabana yana tari cikin hularsa,
duk tari ɗaya sai ya waiwayo ya ba ni haƙuri.
Da rana ta take, na kai gaban gilashi:
"Baba, sunanki bai fito ba."
Na hau tsauni ɗauke da abin da ban je nema ba.

Kwana goma sha ɗaya ina kwance.
Jikata Yesenia ta ɗaura farin ƙyalle a kan rufi,
alamar gidan nan an daina hura wuta.
Matan unguwa suka gani.
Wannan albasa, waccan ƙafar kaza,
tukunya ɗaya, baki tamanin.

Da na miƙe, yarinyar ta kama yatsana
tana dangwala shi a fuskar waya:
Teodosia Ccori Layme.
Rabon da in ga sunana cikakke
tun takardar baftisma.

Kuɗin sun iso bayan wata biyu.
Na sayi buhun shinkafa, na kai wa tukunyar da ta riƙe ni.
Gwangwanin yana nan,
na huda gindinsa, na zuba ƙasa, na shuka barkono.

Dattijon nan mai hula kuwa,
ban ko tambayi sunansa ba,
balle in san ko ya fito.